Yadda za ka bi diddigin aikin sanatan Najeriya kana zaune Tawa, da wayar hannunka

Mu nan Nijar ba mu da majalisar dattawa, majalisa guda muka sani ta depitoci, ita ma an rushe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Amma akwai majalisar dattawa da ke zama Abuja wadda abin da ta yanke yake iso mu har kasuwar Konni da gonakin albasa na Galmi, kuma da yawanmu ba mu san yadda ake duba aikinta ba sai dai abin da aka turo muna a WhatsApp. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 5, ya ce ba a kai sojan ƙasar yaƙi waje sai da amincewar majalisar dattawa. To ka tuna watan Agusta 2023, lokacin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ke maganar amfani da ƙarfin soja bisa Nijar, an rufe iyaka, an yanke muna kuran, ranar 4 ga wata aka karanta wasiƙar shugaban Najeriya Tinubu kan batun a zauren, washegari Asabar 5 ga wata sanatoci suka ce a bi hanyar siyasa da diflomasiyya. Mutanen da bakinsu ke da irin wanga nauyi bisa rayuwarmu, wallahi ya kamata mu iya duba kowanensu ɗaya bayan ɗaya, mi ya ce, mi ya kawo, ina ya tsaya ranar da aka ƙirga.

Abu na farko, ka san wane sanata kake nema, don nan mutane suke fara ɓata. Sanatoci 109 ne, kowace jiha cikin 36 tana da uku, Abuja na da ɗaya, wa'adinsu shekara huɗu. Wadda ke zaune yanzu ita ce majalisa ta 10, an rantsar da ita 13 ga Yuni 2023, Godswill Akpabio ne shugaba, Barau Jibrin na Kano ta Arewa mataimaki. Kowace jiha an raba ta mazaɓa uku, saboda haka bai isa ka ce "sanatan Sakkwato" ba. In harkarka ta Illela ce, wato ƙofar da kamiyoyinmu ke shiga in sun bar Konni, Illela tana cikin Sakkwato ta Gabas tare da Gada, Gwadabawa, Goronyo, Isa da Sabon Birni da sauransu, wanda aka zaɓa a 2023 shi ne Ibrahim Lamido. Sakkwato ta Arewa Aliyu Magatakarda Wamakko, ta Kudu Aminu Waziri Tambuwal. Ka rubuta cikakken sunan mutum da sunan mazaɓarshi yadda suke rubuta su da Turancin Ingilishi, da shi za ka riƙa nema. Kuma kada ka haɗa sanata da ɗan majalisar wakilai, su waɗancan 360 ne kuma zaurensu dabam, a labaran fada sau da yawa ana ɗora ma wannan maganar wancan.

Na biyu, kuma nan nake so ka tsaya sosai. Kada ka shiga intanet kana tsammanin za ka iske tebur mai sunan sanata da jerin ƙuri'unshi, ga inda ya ce e ga inda ya ce a'a. Ƴan lakkol ɗinmu da suka saba da shafin majalisar dattawan Faransa, inda in an yi ƙuri'ar bayyane ake lissafo sunan kowa da abin da ya zaɓa, su ne suka fi shan mamaki. A Abuja mafi yawan abubuwa da murya ake yanke su, shugaba ya ce masu goyon baya su amsa, su ɗaga murya, ya ce masu adawa su amsa, su ma su ɗaga, sai ya auna da kunnenshi ya buga guduma shi ke nan an wuce. Ba a rubuta sunan kowa. Har abu mai girma kamar dokar ta-ɓaci da aka sa ma jihar Ribas, ranar 20 ga Maris 2025 da murya aka amince da ita, alhali tsarin mulki yana neman kashi biyu cikin uku na membobi, shi ya sa aka yi ta cece-kuce cewa ta yaya kunne zai ƙirga kashi biyu cikin uku. Ni dai a ganina wannan babbar tawaya ce, don mutumin da ya zaɓe ka yana da haƙƙin ya san inda ka tsaya. Ga kuma zaman sirri, su rufe ƙofa su fidda ƴan jarida, in sun gama shugaba ya karanta matsaya guda a madadinsu duka. Zancen Nijar na 5 ga Agusta haka aka yi shi. Saboda haka duk wanda ya turo maka jerin sunaye ya ce ga sanatocin da suka zaɓi yaƙi ga waɗanda suka ƙi, ka tambaye shi daga ina, don ba a yi ƙuri'ar suna a bainar jama'a ranar ba. Abin da ke akwai a rubuce shi ne sanarwar ƙungiyar sanatocin Arewa wadda kakakinta na lokacin Suleiman Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya sa ma hannu, inda suka ƙi amfani da ƙarfi suka kuma ambaci jihohi bakwai masu maƙwabtaka da mu, Sakkwato, Kebbi, Katsina, Zamfara, Jigawa, Yobe da Borno.

To in haka ne mi za a duba? Na uku kenan, ka nemi ranakun da aka ƙirga mutum-mutum, ba su da yawa amma su ne suka fi faɗin gaskiyar mutum. Dokar zauren ta ba sanata dama in bai yarda da hukuncin kunnen shugaba ba ya nemi a raba zaure, a kira sunan kowa ya tashi ya faɗi ra'ayinshi. Misali mai kyau da za ka gwada hannunka da shi, 15 ga Yuli 2021, zamanin da Ahmad Lawan ke shugabancin majalisar, kan batun aika sakamakon zaɓe ta na'ura. Sanata Enyinnaya Abaribe ya nemi a ƙirga, 52 suka goyi bayan sharaɗin cewa sai hukumar sadarwa da majalisa sun amince kafin hukumar zaɓe ta aika, 28 suka ƙi, 28 ba su cikin zauren. Jaridun Najeriya irin su Premium Times da Daily Trust sun buga sunayen. Ka rubuta a Google sunan sanata, ka ƙara kalmar voted da shekarar, za ka ga jerin. Ka lura da waɗanda ba su nan ɗin, don wani lokaci ficewa daga zaure kafin a kira suna ita ma matsaya ce. Sannan kada ka tsaya a rana guda, don a watan Oktoba na 2021 ɗin majalisar ta sake komawa kan batun ta janye sharaɗin, wanda ya karanta na Yuli kaɗai rabin labari ya samu. Haka ma ranakun gyaran tsarin mulki, kamar 1 ga Maris 2022 da aka yi ƙuri'a da na'ura kan gyare-gyare 68, can ma ƙirga ake yi don dole a cika adadi.

Na huɗu, takardun zauren. Guda biyu za ka riƙe sunansu. Order Paper ita ce jadawalin abin da za a tattauna ranar, da sunan sanatan da ya kawo kowane batu. Votes and Proceedings ita ce taƙaitaccen abin da aka yi, wa ya gabatar, wa ya mara mashi baya, mi aka yanke. Ana samunsu a shafin majalisa nass.gov.ng, amma shafin yakan yi nauyi kuma ba kullum ake sabunta shi ba, sai ka leƙa placng.org na PLAC, wata ƙungiya mai zaman kanta da ke bin aikin majalisa, suna ajiye takardun kuma suna da wurin bin ƙudirorin doka, ko orderpaper.ng da ke fidda lissafin yawan ƙudirorin da kowane sanata ya kawo. Duk da Ingilishi suke, wanda Faransanci ya karanta ya sauke takardar ya kwafa cikin Google Translate, bai fassara daidai ɗari bisa ɗari amma suna da kwanan wata ba su canzawa, su ne kake buƙata. In takardar PDF ce ka yi amfani da wurin nema ka buga sunan sanatan, kada ka ƙone forfenka kana karanta shafi arba'in.

A nan ka bambanta abu biyu. Akwai ƙudirin doka, lambarshi tana farawa da SB, shi sai ya bi karatu na farko, na biyu, ya je kwamiti, a ji ra'ayin jama'a, karatu na uku, majalisar wakilai ta amince, sannan shugaban ƙasa ya sa hannu cikin kwana 30, in ya ƙi majalisun biyu na iya tsallake shi da kashi biyu cikin uku. Akwai kuma ƙudirin jan hankali, sanata ya tashi ya ce ƴan bindiga sun addabi mazaɓata ko hanya ta lalace, a yi muhawara a yi kira ga gwamnati, wannan bai zama doka kuma gwamnati na iya yin shiru. Yaran sanatoci a Facebook suna son cewa maigidansu ya kawo ƙudiri talatin, kai ka duba ina kowane ya kwana. Karatu na farko sunan ƙudirin kawai ake karantawa, ba a ko muhawara, shuka ce da ba ta ga ruwa ba tukuna. Da yawa nan suke tsayawa har wa'adin majalisar ya ƙare su mutu. Sanatan da ya kai ƙudiri biyu har sa hannu ya fi mai talatin da ba su wuce matakin farko ba.

Na biyar, bidiyo. Zauren galibi yana zama Talata, Laraba da Alhamis, agogonmu da na Abuja ɗaya ne ba sai ka yi lissafi ba, kuma ana nuna zaman kai tsaye a YouTube da Facebook, a tashar majalisar da kuma tashoshi irin su Channels. Daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba galibi suna dogon hutu. Ba sai ka kalli awa huɗu ba, ka fara ganin ranar cikin takarda sannan ka nemi bidiyon ranar ka ja shi har inda mutuminka ya tashi, ka rage ingancin hoto don mega ta kai ka. Amfaninshi, ɗan guntun bidiyo na sakan talatin da ake yawo da shi sau da yawa an yanke gabanshi da bayanshi, ko ma tsoho ne na majalisar da ta wuce aka sa mashi sabon kwanan wata. Ka dubi wanda ke kujerar shugaba, in Saraki ne tsakanin 2015 da 2019 ne, in Lawan ne 2019 zuwa 2023, in Akpabio ne na yanzu ne.

Na shida shi ne kwamiti, kuma mutane sun fi raina shi alhali can ake ainihin aikin, can ake kiran ministoci da shugabannin hukumomi su kare kasafin kuɗinsu. Sanata na iya yin shiru a zaure amma yana riƙe da kwamiti mai nauyi. A rabon 2023 Ahmad Lawan na Yobe ta Arewa aka ba kwamitin tsaro, Wamakko kuma ya riƙe na basussukan gida da waje, inda buƙatun cin bashi na gwamnati ke bi kafin su iso zaure. Mai safarar albasa ko dabbobi ya nemi kwamitin kwastan, wato masu sa ido bisa duwan ɗinsu, ya ga su wa ke ciki da abin da suka ce kan kuɗin fito da rufe iyaka, don mun ga yadda rufewar Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ta yi da kasuwa. Ana sauya shugabannin kwamiti a tsakiyar wa'adi, ka duba kwanan watan labarin.

Zancen halarta a taƙaice, tsarin mulki ya ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku ba dalili na iya rasa kujerarshi. Rajistar halarta ba a saba buga ta ba, sai dai ka gane daga bidiyo da ranakun ƙirga.

Na ƙarshe, ka ajiye abin da ka samu. Ka buɗe ɗan littafi ko wurin rubutu cikin waya, kowane abu layi guda, kwanan wata, batun, abin da sanatan ya yi, da inda ka gani, ka ɗauki hoton shafin don wasu shafukan sukan ɓace. Ka raba abin da ya faɗa gaban ƴan jarida da abin da ya yi cikin zaure, kowane da gefenshi. In za ka tura ma ƴan'uwa a gurup ka haɗa da adireshin shafin da ranar, kuma in murya ce aka yi ka rubuta cewa murya ce, ba a san ƙuri'ar kowa ba. Zaɓensu na gaba 2027 ne, majalisa ta 11 za ta zo da sabbin sunaye da sabon rabon kwamiti, lambobin ƙudirori ma daga farko za su sake tashi, saboda haka ka rubuta "majalisa ta 10" a saman shafin tun yanzu don kada lissafin ya cakuɗe maka.