Yadda ake gano matsalar tiyon lagireto a babur mai ruwa

Boxer da Jincheng iska ce ke sanyaya su, ba ruwansu da lagireto balle tiyo. Maganar nan ta masu manyan babura ce irin su Honda CBR, da kekunan ɗaukar kaya masu injin ruwa.

Da farko ka bari injin ya huce sarai. Murfin lagireto na riƙe matsi, shi ya sa ruwan kan haura digiri 100 bai tafasa ba, kana buɗewa kuwa sai ya yi tsartuwa. Na taɓa ganin yaron shago ya murɗe murfin da tsumma, kafin ya janye hannu, fatar bayan hannun ta saluɓe. Don Allah kada ka yi gaggawa a nan.

In ya huce, ɗauki tocila ka bi kowane tiyo tun daga lagireto har inji. Nemi busasshen tabo, fari ko kore, mai kama da kanwa. Galibi a bakin tiyo za ka same shi, inda kilif, wato zoben ƙarfen da ke matse tiyo, ya ɗaure. Sai ka matsa tiyon da yatsu. Lafiyayye yana lanƙwasa ya dawo. Wanda ya yi tauri kamar busasshen rake, ko ya yi laushi tuɓus, ko ya kumbura kusa da kilif, ya gama aiki. Mai laushin nan sau da yawa baƙin mai ne ke ɗiga a kansa yana cin robar, ka toshe yoyon man tukuna. In kuwa ka tarar tiyo ya lotse bayan injin ya huce, ka zargi murfin lagireto.

Idan bakin tiyo ne kawai ke jiƙewa, ƙara ɗaure kilif kaɗan, ban da ƙarfi, don yana yanka roba. Ɗaurin robar tiyub na iya kai ka gida, amma kar ya kwana.

Wurin canji, tsiyaye ruwan a roba ka kawar da shi daga yara da dabbobi, guba ne mai zaƙi. Murɗa tsohon tiyon ya saki kafin ka ja, ka kankare dattin bakin bututun, ka sa sabo mai faɗi ɗaya da tsohon. Tiyon ban ruwa ba ya jure wannan zafi.

Cika da ruwan lagireto na gaske. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana tara gishiri da tsatsa a ciki. Tayar da injin murfi a buɗe, kana mammatsa tiyo har kumfar iska ta daina fitowa, ka rufe, ka jira fanka ta tashi. Washegari da safe sake duba ruwan da kilif. In yana raguwa alhali babu yoyo a fili, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ka kai wa bakanike ya duba gasket, wato abin da ke toshe mahaɗar kan inji, da famfon ruwa.