Darasi na Bakwai: Yadda Ake Fito da Sunayen Abin da ke Cikin Folda

Folda a kwamfuta kamar adaka take: ana zuba fayiloli a ciki, har da wasu ƙananan foldoji. Idan fayilolin sun yi yawa, bin su ɗaya bayan ɗaya da ido aiki ne mai cin rai. Da yaren Python, layi uku sun isa.

Buɗe sabon fayil, ka sa masa suna jeri.py, ka ajiye shi kusa da wata folda mai suna takardu, sannan ka rubuta:

import os
for suna in os.listdir("takardu"):
    print(suna)

Layin farko yana ɗauko os, kayan aikin da Python ke taɓa fayiloli da su. Na biyu yana karanto sunayen, na uku yana nuna su a allo. Ka bar tazara huɗu a farkon layi na uku. In babu tazara, Python zai tsaya ya ce IndentationError.

Sunayen ba sa zuwa a jere. In kana son jeri, rubuta sorted(os.listdir("takardu")). Amma ka sani, babban baƙi yana riga ƙarami, don haka Zakka.txt zai zo kafin albashi.txt, kuma 10 zai riga 2, domin harafi-harafi ake gwadawa, ba lissafi ba.

Ga inda masu koyo suka fi tuntuɓe. Suna kawai listdir ke bayarwa, ba ya haɗawa da hanyar zuwa wurin. Idan ka tambayi os.path.isfile(suna), mai duba ko abu fayil ne, amsar za ta zo False (wato a'a) ko da fayil ɗin yana nan, saboda Python ya neme shi a foldar da kake tsaye, wato wadda ka kunna shirin daga cikinta, ba a cikin takardu ba. Abin da ya sa wannan kuskure ke da haɗari shi ne Python ba ya nuna saƙon kuskure, shiru kawai zai yi ya ba ka amsar banza. Maganinsa a haɗa folda da suna tukuna:

hanya = os.path.join("takardu", suna)

Sai ka miƙa hanya ga isfile.

Idan ka ga FileNotFoundError, ko dai an yi kuskuren rubuta suna, ko ba a inda kake zato kake tsaye ba; print(os.getcwd()) zai gaya maka. PermissionError kuwa na nufin ba ka da izinin buɗe foldar.

Masu Windows su kula da karkatacciyar sanda, wato alamar \. "C:\Users" ba zai yi aiki ba, domin Python yana ɗaukar \U a matsayin wata alama ta daban. Rubuta r"C:\Users" ko "C:/Users".

listdir ba ya shiga ƙananan foldoji. Wannan aikin os.walk ne.

Aikin gida: zuba fayil biyar da folda ɗaya a cikin takardu, ka gyara shirin ya nuna fayilolin kaɗai, a jere.