Yadda za ka gyara gargaɗin kwamfaila ya zama mai ma'ana

'Yan uwa masu rubuta kod a nan Legas, musamman ku da ke aiki wajen Yaba da masu koyo daga Agege da Idi-Araba, in kana da laburaren kod da wasu ke amfani da shi ko kana haɗa ɗan tul mai duba kod, dan Allah ka kula da saƙon gargaɗin da yake fitarwa. Wanda zai karanta ya gaji, ƙila batirin laftof ɗinsa ma ya kusa mutuwa, ba shi da lokacin zato.

Da farko ka nuna masa wurin. Sunan fayil, lambar layi, sannan ka kwafo layin kansa ka sa alamar ^ a ƙarƙashin inda matsalar take. Clang da GCC kwamfaila ne na yaren C da C++, wato masu juya kod zuwa abin da kwamfuta za ta gudanar. Clang ya daɗe yana haka, GCC ma ya fara tun sigar 4.8 a 2013.

Sai kuma wanda ya fi damuna, wato faɗin abin da zai yi. Ɗauki misalin C, mutum ya rubuta if (x = 5) alhali == yake nufi, Clang ba tsayawa yake kan cewa akwai matsala ba, sai ya ba shi hanya biyu, ko ka sa == in kwatantawa kake so, ko ka ƙara baka biyu in da gangan ka yi, shi kenan mutum ya gyara ya wuce. Gargaɗin da bai faɗi mafita ba kamar kwandastan danfo ne yana ta ihu amma bai faɗi inda motar za ta ba.

A C++14 akwai [[deprecated]], alamar da ake sa wa tsohon fankshin don a gargaɗi mutane su daina amfani da shi, kuma yana karɓar rubutu a ciki, to kar ka bar shi haka nan fayau, rubuta sunan sabon fankshin da za a koma kai.

Yi magana da sunayen da mutumin ya sa a kod ɗinsa, ba kalmomin cikin injin ka ba.

Ka ba kowane gargaɗi suna ko lamba. GCC yana manna sunan filag a ƙarshe irin -Wparentheses, kwamfailan yaren Rust kuma lamba yake ba kurakurai kamar E0382, ka buga rustc --explain E0382 ya kawo maka cikakken bayani da misali.

Kuma matsala ɗaya saƙo ɗaya wallahi, in kuskure guda ya haifi layi talatin na gargaɗi mutane rufe ido suke su daina karantawa gaba ɗaya. Kafin ka saki, miƙa wa wani sabon ɗan koyo saƙon ka ga ko zai gyara ba tare da ya tambaye ka ba.