Darasi na 7: Noman Lemar Kwaɗi a Gida, Kayan Aiki da Tsafta

Lemar kwaɗi, wadda wasu ke kira naman kaza, ba ta neman gona, ba ta neman takin zamani, ba ta son rana. A ɗaki ake nomanta, cikin leda. Wadda ta fi sauƙi ga mai koyo ita ce irin da ake kira oyista, domin tana tsirowa a kan abin da muke ƙonawa ko zubarwa: karan shinkafa bayan sussuka, totuwar masara, sharar auduga, dusar katako.

Tun farko ku riƙe wannan: kada ku tsinko ta daji ku ce za ku yi iri da ita, kada kuma ku ci. A cikin na daji akwai masu guba da ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe gubar. Iri sai daga masana. A Najeriya, cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO da ke Oshodi a Legas da cibiyar binciken noman kayan lambu ta NIHORT da ke Ibadan suna aiki a kan wannan noma, suna kuma horar da mutane. Irin yakan zo a kwalba ko leda. Ƙwayar hatsi ce, galibi dawa, wadda farin zare ya lulluɓe. Wannan farin zaren shi ne ainihin shukar.

Kayan aiki

Yawancinsu kuna da su. Gangar ƙarfe wadda aka wanke tas, buhu, murhu, tebur ko sabuwar leda ta shimfiɗa, fararen ledoji masu kauri, igiya, sabuwar reza, da abin fesa ruwa wanda bai taɓa ɗaukar maganin ƙwari ba. Abin da za ku saya a kemis shi ne sifirit, auduga, takunkumin hanci da safar hannu. In da hali ku nemi ma'aunin zafi wanda ke kaiwa digiri 100. A ganina ya fi komai cancantar kuɗinku, domin hannu ba ya auna zafin ruwa daidai.

Me ya sa ake ta maganar tsafta?

Abincin da lemar kwaɗi ke so, shi fumfuna ke so. Ƙwayoyin fumfuna suna cikin iska, a ƙura, a ƙarƙashin farce, a numfashinmu, ido ba ya ganinsu. Da kun haɗa leda, tsere ya fara tsakanin farin zare da fumfuna, kamar hatsi da ciyawa a farkon damina: wanda ya riga kama wuri shi ke da shi. Duk aikinku shi ne ku sa farin zare ya riga.

Ku yanyanka karan shinkafa tsawon yatsa, ku zuba a buhu, ku nutsa shi cikin ruwan zafi a ganga, ku danne da dutse. Zafin ya tsaya tsakanin digiri 65 zuwa 80, na awa ɗaya zuwa biyu. Kada ku bari ya yi ta tafasa. Mutane da yawa suna ɗauka ƙarin wuta ƙarin tsafta ne. Tafasa tana kashe har ƙananan halittun da ke tare wa fumfuna hanya, sai karan ya zama fili ga duk abin da ya fara sauka a kansa.

Ku tsane shi, ku baza a kan teburin da kuka goge da sifirit, ya huce sosai. Kara mai zafi yana kashe iri. Ku damƙa a hannu ku matse: in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, ya yi daidai. In ruwa ya zubo, ku ƙara jira, domin kara mai yawan ruwa tsami yake yi.

Lokacin zuba iri ne ya fi haɗari. Ku share ɗaki tun da wuri, ku yayyafa ruwa ƙura ta kwanta. Ku rufe ƙofa da taga, ku kashe fanka. Ku yanke farce, ku wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ku goga sifirit, ku sa takunkumi. Ban da hira. Sifirit yana kama wuta, don haka kada ku yi aikin kusa da murhu ko fitila. Ku sa kara a leda, ku barbaɗa iri, ku ƙara kara, haka har ta cika, kuna dannawa. Kilo 10 na jiƙaƙƙen kara yana ɗaukar kamar rabin kilo na iri. Ku ɗaure baki, ku huda ƙananan ramuka da allurar da kuka goge da sifirit, ku rubuta kwanan wata a jikin ledar.

Jira da girbi

Ku ajiye ledojin a ɗaki mai duhu, zafinsa kamar digiri 24 zuwa 28. Cikin mako biyu zuwa uku kara zai yi fari fat. Sai ku tsattsaga ledar da reza, ku bar iska da ɗan haske su shiga ɗakin, ku riƙa fesa ruwa sau biyu ko uku a rana. A arewa nan ne wahalar take: hunturu yana busar da ita, zafin bazara yana hana ta fitowa. Ku fara da damina. Jiƙaƙƙun buhunan algarara a bango da jiƙaƙƙen yashi a ƙasa suna riƙe laima. Ku tsinka kafin gefen lemar ya nannaɗe sama, ku murɗe gungun gaba ɗaya. Leda ɗaya takan ba da girbi biyu ko uku.

Kullum ku duba. Fari lafiya ne. Kore, baƙi ko warin tsami alamar ɓaci ne. Kada ku buɗe irin wannan leda a ɗakin, ku fitar da ita a ɗaure, ku binne nesa.

Haɗa iri da kanku kuwa sai da tukunya mai matsin tururi wadda ke kai digiri 121, ta dafa dawa minti 90. Ganga ba ta kai nan. Ku bar wannan sai hannu ya faɗa.

Aikin gida: ku rubuta sunayen kayan da kuke da su da waɗanda za ku saya, tare da farashinsu a kasuwarku, ku zo da takardar aji mako mai zuwa.