Idan noti ya cije a jikin babur, kansa kuma ya cinye

Da zarar ka ɗora sifana a kan noti ka ja, ka ji ta zame, to ajiye ta. Kada ka sake ja. Yawancin baburan da ake turo mini da kan noti a cinye, ba tsatsa ce ta cinye shi ba, ja na biyu da na uku ne da mai babur ya yi bayan sifanar ta riga ta nuna masa ba za ta iya ba.

Ni bakaniken babur ne a gefen Gujungu, kuma ranar Lahadi, ranar kasuwa, babu irin wanda ba ya zuwa rumfata: Boxer, Jincheng, roba-roba, har tsofaffin Yamaha. Baburanmu na ƙauye ba hutu suke yi ba. Su ɗauki buhun shinkafa, su ɗauki taki, da damina su keta ruwan fadama, a dawo a wanke su da Omo a jingine. Ruwan nan yana bin jikin noti ya shige ciki. Notin ƙarfe ne, jikin injin kuma alminiyam, to idan ruwa ya zauna tsakaninsu sai wani farin gari kamar kanwa ya fito ya ɗaure su tam. Na bakin salansa kuma zafi da tsatsa ne ke haɗa su. Akwai na uku, wanda mutum ne ya jawo: yaron gareji ya sa bututu a sifana ya ɗaure notin 10 da iya ƙarfinsa.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu: notin ba shi ne dukiyar ba. Da kuɗin shayi za ka sayi wani. Ramin da yake ciki shi ne abin tsoro, domin idan ka fasa murfin injin ko ka lalata hed, wato kan silinda, sai ka yi Kano neman wani, babur kuma yana ajiye. Saboda haka duk dabarar da ke ƙasa, notin ne zai sha wuya, alminiyam ɗin a bar shi lafiya.

Fara da wankewa. Ka sa burushin ƙarfe da kananzir ka fitar da laka da ƙurar da ta cika gefen kan, domin sau da yawa soket, wato sifanar da ke hawa kan noti kamar hula, ba ya zama har ƙasa ne kawai saboda ƙasa ta tare shi, sai ya kama rabin kai ya gwiguye. Sannan ka jiƙa shi. Mai WD-40 ya fesa. Wanda ba shi da shi, kananzir da ɗan baƙin mai kaɗan yana yi. Wasu na sa man birki, yana shiga kuwa, amma yana cin fenti, kada ya ɗiga a tanki. Idan notin a gefe yake ko a ƙasa inda man ba zai zauna ba, jiƙa tsumma ka naɗa masa. Daga nan sai haƙuri, kuma a nan ake rigima da masu babur. Wani zai ce, "Oga, don Allah yi sauri, ina da fasinja." Nakan ce masa, "Malam, je ka yi azahar ka ci abinci, ka dawo." Na salansa kam, in da hali, ya kwana a jiƙe.

Kafin ka koma kan sifana, ka ba shi guduma. Ɗora guntun ƙarfe mai faɗin baki a tsakiyar kan notin, ka buga a miƙe, bugu mai kaifi kamar biyar ko shida, ba na fushi ba. Girgizar ce ke farfasa tsatsar da ke cikin tiredi, wato murɗin da ke jikin noti da raminsa. Kula kada gudumar ta sauka a kan alminiyam ko a kan fikafikan silinda, suna karyewa.

Yanzu kayan aiki. Sifana mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai take kamawa, kuma bakinta yana buɗewa idan aka matsa mata. Mai zobe ta fi ta, amma mafi yawansu haƙora goma sha biyu gare su, a kan kusurwa suke kamawa, kusurwar ce kuma ta fara cinyewa. Abin da ake so shi ne soket mai gefe shida, wanda ke rungumar faɗin kan gaba ɗaya. Baburan nan na Indiya da Sin da Japan duk awon milimita ne: 8, 10, 12, 14, 17. Kada ka sa 13 a kan 12 don ita ce a kusa, kada kuma ka sa ta rabin inci, wadda take milimita 12.7. Wannan ɗan giɓin shi ne ke cinye kai.

Danna soket ɗin da tafin hannu ɗaya, ɗaya hannun ya ja. Ka fara da ɗan ɗaurewa kaɗan, kamar za ka ƙara matse shi, sannan ka juyo. Da ya motsa, kada murna ta sa ka zarce. Kwance rubu'in zagaye, mayar, ɗiga mai, sake kwancewa. Idan kana ji yana ƙara tauri yana ƙara, alminiyam ne yake naɗowa a jikinsa, tsaya ka ƙara mai. Kuma ka tabbata wajen da kake juyawa daidai ne. Notin juye baƙin mai a ƙasa yake, kansa na kallon ƙasa, mutum yana tsugune daga sama sai lissafi ya juye masa ya yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake. Madubin dama na Yamaha kuma da gangan aka yi tiredinsa a juye.

Zafi babban abokin aiki ne, saboda alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, ramin sai ya saki notin. Mafi sauƙi, idan babur yana tashi, a zagaya da shi injin ya ɗau zafi, sannan a gwada. Tafasasshen ruwa daga wurin mai shayi ma yana taimakawa a kan murfin injin. Fulogi ne kawai ban yarda a taɓa shi da zafi ba, bari injin ya huce. Idan sai an sa wuta, cire tanki, cire tiyon mai, zubar da fetur ɗin da ke cikin kafireto, a kai su nesa. Gefen ramin ake gasawa, ba notin ba. Kuma ka sani alminiyam ba ya yin ja ya gargaɗe ka yadda ƙarfe ke yi. Yana nan da launinsa har ya kai wajen digiri 660 ya narke. Ɗiga ruwa a wurin, in ya yi cuu ya ƙafe nan take, ya isa. Duk inda akwai oyil sil ko roba ko waya a kusa, ka sa a ranka za ka canza su, ko ka haƙura da wutar.

To idan kan ya riga ya zama kamar kwabo fa, babu kusurwa ko ɗaya? Nemi soket da ya fi shi ƙanƙanta kaɗan ka buga shi a kai da guduma har ya zauna. Na 11 yana hawa cinyayyen 12. A kan cinyayyen 10 kuma, na inci mai lamba 3/8 yana yi, domin milimita 9.5 ne. Tsohon soket za ka sa, wanda ba ka jin asararsa. Idan kan ya fito fili, goge gefe biyu da magagari su yi faɗi, ka kama da filaya mai kulle, ka matse ta iya matsewa. Filaya ta gida ba ta wannan aikin, ƙara suɗe shi kawai za ta yi. In babu wurin filaya, sai cizal: sara ɗan gurbi a gefen kan, kwantar da cizal ɗin a cikin gurbin ta yadda bugun zai tura notin wajen kwancewa, ka riƙa bugawa a hankali. Wannan dabarar ta fitar mini da notuna fiye da kowace, amma tana son hannu mai nutsuwa, don in cizal ya zame jikin injin zai sara.

Sukurori masu kan sita da ke murfin injin da kafireto nasu daban ne. Sukundireba ta hannu ba ta fitar da wanda ya cije, ramin kawai take ƙwaƙulewa. Akwai sukundireba ta bugu, wadda ake saitawa a buga bayanta da guduma, ita kuma ta danna ta juya lokaci guda. Duk bakaniken da ba shi da ita yana wahalar da kansa. Shafa wa bakinta ɗan man goge bawul, yashin da ke ciki yana hana zamewa. A kan kafireto dai kada ka buga, jikinsa ba ya ɗauka. Idan ramin sitan ya riga ya lalace, yanka tsaga ɗaya a kan da zarto, ka sa sukundireba mai faɗin baki.

Idan duk wannan bai yi ba, ko kan ya guntule gaba ɗaya, ni mai walda nake nufa kafin in taɓa dirili. A ɗora wani noti mai rami a kan guntun, a cika ramin da walda, a bar shi ya huce, a sa sifana. Riba biyu ce: ka samu sabon kai, zafin waldar kuma ya ratsa guntun ya karya tsatsar. In ya karye daidai da fuskar injin, a fara liƙa wosha a kan guntun, sannan a liƙa notin a kan woshar. Waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam, don haka ramin ba zai toshe ba muddin mai waldar bai daɗe a wuri ɗaya ba. Amma kafin ya kunna janareta, cire wayoyin batir, zare filogin CDI, wato ɗan akwatin da ke ba fulogi wuta, cire tanki. Kuma ka tsaya a kansa ka ga inda zai maƙala wayar as, wato waya ta biyu ta injin waldar. Ni nakan ce, "Maigida, maƙala ta nan kusa da aikin." In ya maƙala ta can a taya ko a sarƙa, wutar za ta bi ta cikin boris ta ƙona su, sai bayan sati biyu mai babur ya dawo yana cewa injin na ƙara. Wani lokaci waldar farko takan ɓalle. Ba komai, a sake. Kowane zagaye zafi yake ƙara wa guntun.

Dirili shi ne na ƙarshe, kuma a nan ake kashe injin. Ƙarfen notin ya fi abin da ke kewaye da shi tauri, don haka bakin dirili kullum neman zamewa yake ya faɗa cikin alminiyam. Goge fuskar guntun ta kwanta, buga ɗigo a tsakiya cif da fanci, duba ta kowane gefe. In ɗigon ya karkace, gyara shi tun yanzu. Fara da baki na milimita 3, a hankali, kana ɗiga mai. Auna tsawon ɗan'uwan notin ka naɗa salatif a bakin dirilin, don kada ka huda ka faɗa hanyar mai. Noti mai kaurin milimita 6, wato irin masu kan 8 ko 10, kada ka wuce baki na 5. Mai kaurin 8 kuma 6.8 ne iyaka. In ka tafi a miƙe, abin da zai rage ɓawon tiredi ne kawai, ka tsince shi da tsinken ƙarfe, ka bi ramin da taf, wato ƙarfen da ake yanka tiredi da shi. Wanda ya samu bakin dirili mai juyin hagu ya huta, don sau da yawa yana cikin ci guntun zai biyo shi waje.

Akwai wani ɗan ƙarfe mai murɗin hagu da ake sayarwa, a huda guntun a cusa shi a juya. Ni ba na son sa a kan notin da tsatsa ta riƙe. Yana da tauri ƙwarai amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake, kuma in ya karye a ciki babu bakin dirilin da ke rumfata da zai ci shi. A kan notin da ɗauri ya tsinka, ba tsatsa ba, nan yana aiki.

Saura idan notin ya fito amma ya taho da tiredin ramin a jikinsa. Wannan ya fi faruwa a notin juye baƙin mai. Don Allah kada ka naɗa masa zare ko leda ko ka shafa gam ka mayar. Zai riƙe yau, ya riƙe gobe, ran da ya faɗi a hanyar Ringim kana gudu, man ya tsiyaye, injin ya buga. Gyara biyu ne: a buɗe ramin zuwa girma na gaba a yanka sabon tiredi, misali daga kaurin milimita 12 zuwa 14, ko a sa masa zoben waya da ke mayar da tiredi girmansa na asali. In babu mai kayan a kusa, cire ɓangaren ka kai wa masu tona, wato masu injin yanka ƙarfe, a Hadejia ko Kano. Idan a jikin babur za a yanka, cika taf ɗin da giris ya kama ɓarɓashin, bayan an gama a zuba tsohon mai a wanke cikin kafin a sa sabo. Notin birki da na ƙafar gaba kuwa ba a yi musu dabara, sabo ake sa wa, in ramin ya lalace a canza ɓangaren.

Wajen mayarwa, kada ka mayar da notin da ka sha wuya a kansa, ko da ya yi kyau a ido. Sa sabo, shafa ɗan giris a tiredin na murfin injin da na salansa, fara ɗaura shi da yatsu zagaye uku ko huɗu kafin sifana ta taɓa shi. In ya ƙi shiga da yatsu, a karkace yake ko ramin da datti. Ƙananan notuna da gajeriyar sifana ake ɗaure su, a riƙe ta kusa da kai. Notin mai a canza masa wosha, ita ke hana yoyo, ba ƙarfin ɗauri ba. Notunan murfin injin kuma ba tsawonsu ɗaya ba: zana siffar murfin a kwali, huda, ka soke kowane a gurbinsa yayin da kake cirewa, domin dogo in ya shiga gajeren rami zai tokare ƙasa ya fasa murfin ko ya tsinke a ciki.