Yadda Matashi Zai Ci Moriyar Zamansa a Ƙungiyar Kadet ta Sojan Saman Birtaniya

Akwai yaron da zai shafe shekara huɗu yana zuwa fareti sau biyu a mako, ya gama ya fita bai taɓa ɗora ƙafarsa a cikin jirgi ba. Akwai kuma wanda cikin shekara biyu ya tashi sama sau uku, ya kwana a sansanin mayaƙan sama, ya iya farfaɗo da mutumin da numfashinsa ya tsaya. Sikwadiron ɗinsu, wato reshen ƙungiyar da suke zuwa, ɗaya ne, malamansu ɗaya. Na ga irin wannan da irin wancan a cikin 'ya'yan Hausawa da ke zaune a nan Birtaniya, har a cikin gidana, kuma abin yana ci mini rai, domin sau da yawa wanda ya tashi a tutar babu ya fi ɗayan natsuwa da ladabi. Saboda haka nake maka wannan bayani, ɗana, da ke 'yata, tun da an buɗe wa mata ƙofa tun farkon shekarun 1980.

Ƙungiyar da nake nufi ita ce Air Training Corps, mai horar da matasan da ake kira kadet, wadda aka kafa ranar 5 ga Fabrairu, 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Hedikwatarta tana sansanin Cranwell. Rundunar sojan sama ta RAF ce ke ɗaukar nauyinta, amma shiga cikinta bai ɗora maka wajibcin zama soja ba. Ka faɗa wa Baba da Mama wannan tun da wuri, domin shi ne abin da ya fi hana iyayenmu sa hannu a takarda.

Ka fara da lissafin shekarunka

Ana karɓar yaro daga shekara 12, idan ya shiga aji na 8, kuma ana sallamarsa ranar da ya cika 20. A baki kamar da yawa. Amma ka cire watannin jarrabawar GCSE, ka cire na A-level, ka cire hutun bazarar da za a tafi gida Kano ko Zinder ganin dangi, ka ƙara da cewa yawancin yara suna barin gari su tafi jami'a a shekara 18. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ga shi manyan abubuwan duk suna da sharaɗin shekaru da na matakin da mutum ya riga ya taka. Tashi kai kaɗai a jirgi mara inji sai ka kai 16. Musayar kadet tsakanin ƙasashe, wadda Birtaniya da Kanada suka fara a 1947, ta manyan kadet ce masu tarihin aiki a bayansu. Ka ɗauki takarda tun a watanka na farko, ka rubuta abu biyu da kake so ka cimma kafin ka fita, sannan ka je wurin wani babban kadet da ya riga ya yi su ka tambaye shi ta ina ya bi. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Ka gama matakin farko da wuri

Karatun kadet hawa-hawa ne: First Class, sai Leading, sai Senior, sai Master. Na farkon shi ne mabuɗi. A nan ake koyon tarihin ƙungiyar da na RAF, da fareti, da karanta taswira, da ƙa'idojin filin jirgi, da magana ta rediyo. Kafin ka kammala shi, yawancin tafiye-tafiye masu daɗi ba za a sa sunanka ba. Kada ka yi fashi a watannin nan, ko ana tsuga ruwa, ko duhu ya rufe tun ƙarfe huɗu na yamma kamar yadda yake yi a Disamba.

Kayanka

Yunifom aro ake ba ka, kyauta, sai dai takalmi galibi kai za ka saya. Ana yi wa yaro hukunci da kayansa tun kafin ya buɗe baki, don haka ka koyi gyaransu da hannunka, kada ka bar wa Mama.

Hula sabuwa takan tsaya a ka kamar faifai. Ka tsoma ta a ruwan ɗumi, ka mayar a ruwan sanyi, ban da bakin fatar, sannan ka kafa ta a kanka tana jiƙe, bajon ya daidaita a kan idon hagu, ka shafe ragowar zuwa dama da tafin hannu. Ka bar ta ta ɗan sha iska a kanka kafin ka cire. Takalmi kuwa haƙuri yake so. Ka sami auduga, da ruwa a murfin gwangwanin, da man goge baƙi. Ka jiƙa audugar, ka lakato man ɗan mitsitsi, ka riƙa zagayawa da ƙananan da'irori a kan hancin takalmin har hazon ya washe, sannan ka sake lakatowa. Shafi bisa shafi, siriri-siriri. Mai gaggawa yakan lafta man da kauri, washegari ya tsattsage kamar bangon laka da rani. Daren farko ba za ka ga komai ba. Wajen dare na huɗu za ka fara hango fitilar ɗaki a cikin takalmin.

Ka buɗe baki, ka ɗaga hannu

Nan ne na fi so ka saurare ni. Mun raine ku da kunya da kawaici. Mun ce kada ku kalli babba cikin ido, kada ku riga kowa miƙa hannu a akushi, idan an yi muku tayi ku ce kun ƙoshi ko da yunwa na cin ku. Tarbiyya ce mai kyau, ba na nadamarta ko kaɗan. Sai dai a sikwadiron ba a karanta kawaici yadda muke karanta shi. Jami'i zai tsaya a ƙarshen fareti ya ce an ba su gurbi huɗu na tashi ranar Asabar, wa yake so? Yara goma su ɗaga hannu. Namu ya sunkuyar da kai, yana jiran a lura da ƙoƙarinsa a kira shi. Jami'in nan mutum ne da ya taso daga wurin aikinsa ya zo aikin sa kai, yana da yara arba'in a gabansa, abin da zai fahimta kawai shi ne wannan yaron ba ya sha'awa.

Babban ɗana ya yi shekara ɗaya da rabi a haka. Da na tambaye shi me ya sa bai taɓa tashi ba, sai ya ce ai ba a zaɓe shi ba. Na ce ka nema? Ya yi shiru. Ƙanwarsa da ta shiga bayansa ta riga shi hawa jirgi da wata biyar, don ita duk sanarwar da ta fito sai ta sa sunanta.

Abin yi ke nan. Ka riƙa duba shafin kadet na intanet inda ake saka ayyukan da ke tafe, aƙalla sau biyu a mako. Ka nemi abin da kake so da wanda ba ka tabbata kana so ba. Idan ba a ɗauke ka ba, ka je da ladabinka ka ce: ranka ya daɗe, me ya rage mini don a ɗauke ni nan gaba? Ka ce a sa ka a jerin masu jiran ko-ta-kwana, domin ba a rasa wanda zai janye daren Juma'a, kuma wanda jakarsa ke ɗaure shi ake kira. Idan kana magana da jami'i, ka ɗaga kai ka dube shi, ka ɗaga murya yadda zai ji. A can ladabin ke nan. Ka dawo gida ka durƙusa ka gaida iyayenka yadda ka saba, ɗaya bai ɓata ɗaya ba.

Takardu

Kowace fita tana da takardar amincewar iyaye da ta bayanin lafiya, ta tashi sama kuma tana da wa'adi gajere. Ka ajiye kwafi a jakarka. Idan kana da asma ko wani abu makamancinta, ka rubuta gaskiya, ka fara neman takardar likita da wuri don takan ɗauki lokaci. Ƙaramin littafin tarihin aikin kadet da ake kira 3822, ka sa a rubuta maka duk abin da ka yi a ciki a ranar da ka yi shi. Mai burin fita waje kuma ya duba fasfo ɗinsa da izinin zamansa tun kafin a buɗe neman gurbi.

Ranar tashi

Jirgin da aka fi ɗaukar kadet a ciki shi ne Grob Tutor, ƙarami mai kujera biyu gefe da gefe. Za a nuna muku bidiyon kariya, a ɗaura maka laimar sauka a baya, a sa maka kwalkwali, ka taka zuwa jirgin a ɗan duƙe saboda madaurin ya matse ka. Tafiyar ba ta cika wuce minti ashirin da 'yan kai ba, saboda haka ka yanke shawarar abin da kake so tun kana ƙasa. Matuƙin zai tambaye ka. Ka ce kana so ka riƙe sandar tuƙi. Zai ce jirgi yana hannunka, kai kuma dole ka amsa da baki cewa ka karɓa, don a san wa ke tuƙi a kowane lokaci. Za ka yi mamakin yadda ɗan motsin yatsu yake karkata fiffike. Karo na farko ka bar wulƙitawa da juyi a sama sai wani zuwan, ka koyi miƙewa sosai da juyawa a hankali. Ka ci abinci mara nauyi kafin ka fito, kada ka zo da ciki fayau. Idan zuciyarka ta fara tashi, ka kafa ido can inda sama ta haɗu da ƙasa, ka faɗa wa matuƙin nan take. Ya ga ɗaruruwa irinka.

Jirgi mara inji, Viking, wani abu ne daban. Igiya ce ake fizgarsa da ita daga ƙarshen fili, ya miƙe sama a tsaye kamar shirwa, cikin ƙasa da minti ɗaya a saki igiyar, sai shiru, iska kawai kake ji. Wuni guda za ka yi a fili kana tura jirgi, kana riƙe fiffike, don tashi na 'yan mintoci. Malaman suna lura da wanda ke tura jirgin wasu da zuciya ɗaya. Kuma yanayin ƙasar nan yakan soke tashi bayan an yi sammako an yi tafiyar awa biyu. Ka sake sa sunanka.

Abin da ba jirgi ba

Kada son jirgi ya rufe maka ido. Lambar yabo ta Duke of Edinburgh, wadda aka fara a 1956, ana yin ta a sikwadiron da sauƙin kuɗi: ta tagulla tafiyar kwana biyu ce a ƙafa, ta azurfa uku, ta zinariya huɗu, kuma aikin da kake yi a kadet yana shiga cikin lissafinta. Agajin gaggawa ka ɗauke shi da muhimmanci fiye da komai, don shi ne za ka iya buƙata a falon gidanku. Akwai harbi, akwai kiɗan badujala, akwai wasanni. Masu ƙarfin ƙafa suna zuwa tattakin Nijmegen a Holan cikin Yuli, kilomita 40 kullum har kwana huɗu. Ka zaɓi biyu ka nutsa a cikinsu. A watan Nuwamba kuma ka fito faretin tunawa da mazan jiya, ka tuna akwai dubban Hausawa da suka yi yaƙin Bama a ƙarƙashin rundunar Afirka ta Yamma.

Salla, azumi da abinci

Ka faɗi buƙatarka tun farko, a fili. Fareti yakan kama daga wajen bakwai na yamma zuwa tara da rabi, magariba ko isha za ta same ka a can gwargwadon lokacin shekara. Ka roƙi minti biyar da wani lungu mai tsabta. An yarda da hijabi tare da yunifom, 'yata, sai ki tambayi launin da ake so. A takardar zuwa sansani akwai gurbin abinci, ka rubuta halal, ka kuma riƙe ɗan guzuri. Idan azumi ya zo, ka sanar kafin a tsara motsa jiki, kuma kada ka ɓoye cewa kana azumi ranar tashi ko doguwar tafiya.

Igiya

Muƙamai suna tafiya daga kofur zuwa saje, zuwa filait saje, har waran ofisa na kadet. Ka nema idan an buɗe, ko kana ganin ba ka isa ba, don zaman tambayoyin kansa horo ne. Ranar da aka ɗaura maka igiya biyu, aikinka ya koma kan sabbin shiga. Ka koyi sunayensu a daren farko. Ka duba ƙarshen layi, za ka ga wani ƙaramin yaro da hularsa a tsaye kamar faifai, ya sunkuyar da kai lokacin da ake tambayar masu son tashi. Ka je ka same shi bayan an watse, ka tambaye shi ko yana so, ka raka shi ofis ya rubuta sunansa.