Yadda ake tattara tarihin unguwa a birnin Kano

Kafin ka ɗauki biro, fara da tantance iyakar unguwar. Mazaɓar da 'yan siyasa suka shata daban take da unguwar da mai unguwa yake riƙe da ita, kuma mutane kan cakuɗa su. Je wurin mai unguwa ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka roƙi ya haɗa ka da wanda zai zagaya da kai lungu-lungu. Zana taswira da hannu, ka sa masallatai, makarantun allo, tsofaffin rijiyoyi, kududdufai, maƙabarta da manyan zauruka. Kududdufin da aka cike aka gina gida a kai ma sa shi, domin daga irinsu ake haƙar ƙasar gini a da, girmansa kuwa yana nuna daɗewar wurin.

Daga nan sai sunan unguwar, wanda sau da yawa shi ne bakin zaren. Wasu sunayen na asali ne: Agadasawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, da Ayagi inda Yarabawa suka zauna. Wasu na sana'a ne, kamar Dukawa da Soron Ɗinki. Alfindiki daga kalmar Larabci ce mai nufin masaukin fatake. Amma a yi hattara, suna na iya yaudara. Wanda ya ji Dandalin Turawa zai zaci Ingilishi ake nufi, alhali Larabawan da ke zuwa fatauci daga wajen Tarabulus ake kira Turawa tun kafin Ingilishi su ci Kano a 1903. Saboda haka rubuta duk bayanin da aka ba ka game da sunan, ko da uku ne masu saɓani, da wanda ya faɗi kowanne.

Hira da dattawa ita ce jigon aikin, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Nemi mutum shida zuwa goma daga gidaje daban-daban: gidan sarautar unguwa, gidan liman, masu tsohuwar sana'ar wurin, da waɗanda suka zo daga baya. Kada ka tara su wuri guda, don mai faɗa a ji zai yi magana sauran su gyaɗa kai. Bi su ɗaya bayan ɗaya, bayan la'asar ya fi, da ɗan goro a hannu, ka nemi izini kafin ka kunna waya ka naɗi murya. Kada zama ya wuce awa ɗaya. Gara ka dawo sau uku. Tsofaffin mata su ne suka fi riƙe wa ya auri wa, wane gida ya fito daga wane, da waƙoƙin niƙa da na daɓe masu ɗauke da sunaye. In kai namiji ne, tura 'yar'uwarka ta shiga cikin gida da tambayoyin a rubuce.

Kada ka tambayi dattijo shekara. Tambaye shi zamanin wane sarki: Abbas (1903 zuwa 1919), Usman (1919 zuwa 1926), Abdullahi Bayero (1926 zuwa 1953), Sanusi, ko Ado Bayero (1963 zuwa 2014). Akwai kuma abubuwan da kowa ke tunawa, kamar zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, da rikicin Maitatsine a Disambar 1980. Abin da ya wuce haka a baya, ƙirga kakanni, ka ba kowane tsatso shekara 25 zuwa 30. Matsalar ita ce salsala kan tsallake sunaye. Gidan da ya ce ya zo tare da Wangarawa, malamai da fatake daga Mali, a zamanin Sarki Yaji, wato ƙarni na 14, amma kakanni bakwai kaɗai ake iya lissafawa, to an manta da yawa a tsakani, ko kuwa zuwan na baya ne.

Sai takardu. Gidajen malamai a unguwanni irin su Madabo da Sharifai na da kundaye, wasiƙu da takardun gado ko na cinikin gida cikin Larabci ko ajami. Ɗauki hoto a nan inda suke, kada ka ari ko ɗaya. In da shekarar Hijira, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622: 1321 za ta ba ka 1903. Ga unguwannin wajen ganuwa da suka bunƙasa bayan isowar jirgin ƙasa, irin su Sabon Gari da Tudun Wada, bayanan haraji da taswirorin Turawa sun fi amfani. Nemi su a Gidan Ɗan Hausa, Gidan Makama, ko Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna.

Wurin rubutawa, raba abin da majiya biyu masu zaman kansu suka tabbatar da abin da gida ɗaya ya faɗa, ka ce "a faɗar gidan wane". Zancen bauta a asalin wani gida, rigimar gado, da takaddamar limanci ko sarauta, kada su shiga sai da yardar masu abin, domin jikokinsu na nan maƙwabtaka da juna. Kafin ka wallafa, koma ka karanta wa waɗanda ka yi hira da su, ka gyara sunayen da ka ji ba daidai ba, sannan ka ajiye kwafi ɗaya a wurin mai unguwa tare da muryoyin da ka naɗa.